Na faɗi a gefen titi a New York na ji rauni, wa zai biya ni? Tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara da sanyi ya shigo, daga Disamba har zuwa Maris, sai ka fara ganin mutanenmu na Bronx da Harlem da Brooklyn suna zuwa masallaci da sanda ko da hannu a rataye, in ka tambaya ace ai santsi ne ya kwashe shi a bakin shago, ko wani tudun siminti ne ya harɗe ta tana dawowa daga kai yara makaranta. Tambayoyin da ke biyo baya kuma kusan iri ɗaya ne, ko mutumin Kumasi ne ko na Maraɗi ko na Kano. Shi yasa na tattara su wuri ɗaya. Dokar birnin New York ce nake magana a kai, wanda ke wata jiha ya duba tambaya ta 18. Kuma dan Allah kar wani ya karanta wannan yace ya gama da lauya, wannan dai don ka shiga ofishinsa da idonka a buɗe ne.

1. Wai da gaske ne ana biyan mutum diyya don kawai ya faɗi a gefen titi?

Sakacin wani ake biya, ba faɗuwar ba. In kana tafiya babbar rigarka ta harɗe ka ka faɗi a kan daɓen gefen titi lafiyayye, sai dai muce Allah ya sawwaƙe, ba wanda zai baka ko sisi. Amma in daɓen ya tsage gefe ɗaya ya ɗago, ko akwai rami, ko an bar ƙanƙara ta kwana ba'a kankare ba, kuma akwai wanda doka ta ɗora wa kula da wurin, toh nan akwai magana.

Abinda lauya zai fara dubawa shine, wurin yana da aibi mai haɗari ko a'a, wa ke da alhakin wurin, shin aibin ne ya kada kai, kuma ka ji raunin da likita ya gani ya rubuta. Sai kuma babbar, wadda a kanta ake yawan kokawa: mai wurin ya san da aibin, ko shi ya haddasa shi, ko kuwa abin ya daɗe a fili har ya kamata ace ya gani ya gyara. Ɓawon ayabar da wani ya yar minti biyar da suka wuce ba ɗaya yake da tsagewar da ta shekara uku a wurin ba.

2. Toh wa ke da alhakin daɓen, gwamnati ko mai gida?

Da can hukumar birni ake kai ƙara a kusan kowace faɗuwa. A shekarar 2003, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, aka kawo sashe na 7-210 na dokokin birnin, wanda ya fara aiki ranar 14 ga Satumba, ya ɗauke nauyin daga kan birni ya ɗora wa mai ginin da daɓen ke gabansa. Don haka in ka faɗi a gaban dogon benen haya irin na titin Grand Concourse a Bronx, ko gaban babban kanti, ko fili da ba'a gina ba, mai wurin ne da kamfanin inshorarsa za'a bi.

Amma akwai togiya guda, kuma ita ke rikita mutane. In gidan na iyali ɗaya ne ko biyu ko uku, kuma mai gidan yana zaune a ciki, kuma gidan na zama ne zalla ba shago ba ofis, toh alhakin yana nan a kan birni. Sharuɗɗan nan uku sai sun haɗu duka. Gida mai iyali biyu amma mai shi ya koma New Jersey ya zuba 'yan haya, ba ya cikin togiyar. Kai da ka faɗi bazaka iya sanin wannan da ido ba, shi yasa tambaya ta 4 take da muhimmanci sosai. Ko ƙaramin mai gidan ma ana iya kama shi in shi ya ɓata wurin da hannunsa, misali yayi faci mara kyau, ko motarsa ce ta farfasa mashigar gareji.

Wani mai ginin zai ce ai na ba mai shago haya, a yarjejeniyarmu shi ke kula da waje. Babbar kotun jihar ta rufe wannan ƙofa a 2019 a shari'ar Xiang Fu He da Troon Management, tace mai gini ba zai sauke nauyin a kan ɗan haya ya kuɓuta daga wanda ya ji rauni ba. Su je can su daidaita tsakaninsu.

3. Yanzu yanzu na faɗi, me zan fara yi?

Asibiti, a ranar. Mu da al'adarmu ta a shafa man zafi a ga yadda gobe zatayi, wani ma ya nemi mai ɗori cikin 'yan uwa, sai bayan sati uku ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan aje asibiti. Kamfanin inshora kuwa wannan sati ukun zai riƙe yace wa ya sani ko a banɗaki ka faɗi. Ka kira 911 in bazaka iya tashi ba, takardar masu motar asibiti tana rubuta adireshin da aka ɗauke ka da lokacin, shaida ce mai ƙarfi. Sashen gaggawa ba ya korar mutum don bashi da inshora ko takardu, dokar tarayya ce tun 1986. Kuma ka gaya wa likita ainihin abinda ya faru, kace na yi tuntuɓe da tsagaggen daɓe a gaban gida lamba kaza, kar kace jiri ne ya ɗebe ni in ba jirin bane, domin abinda ka faɗa a ranar farko shi zai bi ka har kotu.

Sai hoto. In kai baka iya ba ka tura yaro ko maƙwabci a ranar ko washegari, kafin a zo a lafta siminti a wurin ko rana ta narkar da ƙanƙarar. Hoto daga tsaye kawai baya nuna komai, tsagewar sai ta fito kamar zane. A tsuguna a ajiye wayar daf da ƙasa, a jingina ruler ko kwandalar kwata, wato ta santi 25, a jikin inda ya ɗago, faɗin kwata ya kusa inci ɗaya, kaga duk wanda ya kalli hoton zai gane tsayin. Sannan a ja baya a ɗauko wurin tare da lambar gidan da allon shagon, a ƙara ja baya a ɗauko sunan titi. A karɓi lambar wayar duk wanda ya gani. A ɗaga kai a duba kyamarori na jikin gini, domin yawancinsu suna goge kansu cikin kwanaki ko makonni kaɗan, lauya ne zai aika takarda a adana. Takalmin da ka faɗi da shi a sa a leda a ajiye, kar a cigaba da sawa, kar a tura gida kyauta.

4. Kwana nawa nake da shi kafin lokaci ya wuce?

In mai gida ne ko kamfani, shekara 3 daga ranar faɗuwa. In birni ne, kwana 90 kacal kake da shi ka shigar da takardar sanarwar neman diyya, wadda suke kira Notice of Claim, sannan ita ƙarar kanta dole a shigar cikin shekara ɗaya da kwana 90. Lissafin daga ranar da ka faɗi yake farawa, ba ranar da aka sallame ka ba, ba ranar da aka cire maka filasta ba.

Gaskiya a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum na kwance, ana ta zuwa sannu ana kawo kunu, wani yace ai shekara uku ce kwantar da hankalinka, alhali gidan da ya faɗi a gabansa ƙaramin gida ne mai shi na ciki, wato kes ɗin na birni ne kamar yadda na bayyana a tambaya ta 2. Kafin a farga wata uku ta shuɗe. Ni shawarata kowa ya ɗauka kwana 90 yake da shi har sai lauya ya bincika ya ce masa a'a. Lauyoyi da yawa ma in suna shakka sai su shigar da sanarwar kawai don kariya.

Kuma ba birni kaɗai ba. Gidajen NYCHA, hukumar gidajen haya na gwamnati, waɗanda muke cewa furojet, suma kwana 90 ne. Hukumar jirgin ƙasa da bas ta birni ma haka, in a matakalar shiga tasha ka faɗi. Amma kowacce ita ake kai wa tata takardar, in ka kai ta NYCHA ofishin birni kamar baka kai ba ne. Ginin gwamnatin tarayya kamar gidan waya kuma tsarinsa daban, shekara 2 ne a shigar da koke a hukumar.

5. Ita wannan sanarwar ina ake kai ta, me ake rubutawa?

Ta birni ofishin Kwanturola, mai kula da kuɗin birni, ake kaiwa, yana lamba 1 Centre Street a Manhattan, ko da hannu, ko ta wasiƙa mai rajista, ko ta intanet a shafinsu. Ana rubuta sunanka da adireshi, rana da lokaci, yadda abin ya faru, raunin da ka ji, da kuma wurin dalla-dalla. A wurin ne ake yawan kwafsawa. Rubuta "a Webster Avenue" ba zai wadatar ba, titi ne mai tsawon gaske. Sai ace gaban gida lamba kaza, taku kaza daga bakin kwalta, taku kaza daga sandar fitila. Kes na iya mutuwa saboda an rubuta lambar gidan maƙwabci.

Bayan haka birni yana da damar kiranka zama da ake cewa 50-h, lauyansu yayi maka tambayoyi bisa rantsuwa ana rubuta komai. In turancinka bai nuna ba ka gaya wa lauyanka tun da wuri a samo tafinta na Hausa, kar kunya tasa ka riƙa cewa yes a abinda baka gane ba. Abinda baka tuna ba kace ban tuna ba, kar kayi kirdado.

6. Kwana 90 sun riga sun wuce, shikenan?

Ba lallai ba. Lauya na iya roƙon alƙali ya yarda a shigar a makare, alƙali zai duba uzurinka, ya duba ko birni ya riga ya san da faruwar abin cikin lokaci, da ko jinkirin ya hana su bincike. Doguwar jinya a asibiti tana iya zama uzuri, ban san doka ba kuwa ba kasafai ake karɓa ba. In shekara ɗaya da kwana 90 ta cika ba'a nemi izinin ba, ga baligi ƙofar ta rufe. Na yara a duba tambaya ta 15.

7. An ce min ko na shigar da takarda a kan lokaci birni zai iya cewa ba'a sanar da shi ramin ba. Wace irin magana ce wannan?

Haka dokar take, kuma ita tasa kes da birni ya fi na mai gida wuya nesa ba kusa ba. Sashe na 7-201 yace ba'a kama birni da laifin rami ko tsagewa sai in an riga an sanar da shi a rubuce kafin ka faɗi, kuma kwana 15 suka wuce bai gyara ba. Wato ko ramin ya shekara goma kowa a unguwa ya san shi, in babu rubutu a fayil ɗinsu sai su ɗaga kafaɗa. Kiran waya kawai kotuna sun sha cewa bai zama rubutacciyar sanarwa ba.

Daga 1982 ƙungiyar lauyoyin masu neman diyya ta jihar ta kafa wani kamfani, Big Apple, da yake bin titunan birni yana zana taswirar duk wani rami da tsagewa yana miƙa wa hukuma, don dai kar ace ba'a sani ba. Sun daina bayan dokar 2003, amma har yanzu lauyoyi na tono tsofaffin taswirorin. Ana kuma neman bayanan hukumar sufuri ta birni, ko wani ya taɓa faɗuwa a wurin ya shigar da tasa sanarwar, ko ma'aikatansu sun taɓa rubuta rahoto a kai. In kuma ma'aikatan birni ne suka tona wurin suka bar shi a lalace nan take, ba'a buƙatar sanarwar. Wannan tonon ba aikin da zakayi da kanka bane.

8. Tsagewar fa bata da girma sosai, ko inci ɗaya bata kai ba. Akwai kes?

Zai iya yiwuwa. Dokar birni ta ɗauki bambancin rabin inci tsakanin allon siminti da na kusa da shi a matsayin aibin da dole a gyara. Amma kotu bata aiki da ruler kaɗai. Tun shari'ar Trincere ta 1997 babbar kotu tace babu wani awo da za'a ce daga nan zuwa sama akwai kes daga nan zuwa ƙasa babu, ana duba faɗi da zurfi da kaifin bakin, da hasken wurin, da cunkoson jama'a, da ko ganye ko shara sun rufe shi. Ita kanta wadda ta kai waccan ƙarar bata ci ba, kuma tudun ya kai wajen rabin inci. A 2015 ma wani da yayi tuntuɓe da ɗan guntun ƙarfe mai tsayin kwatan inci a nan Bronx bai ci shari'arsa ba, kotu tace abin ya yi ƙanƙanta kuma a fili yake a wuri mai haske. Kaga amfanin hoton tambaya ta 3 kenan.

9. Nawa kam ƙanƙara ce ta kwashe ni, ba rami ba.

Doka ta ba mai gida awa 4 bayan dusar ƙanƙara ta tsaya ya share gabansa, amma ba'a lissafa tsakanin ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe. Wato in ta tsaya cikin dare yana da har ƙarfe 11 na safe. In kuwa tana kan zuba ka faɗi, yawanci babu kes, kotu bata tilasta mutum ya tsaya da shebur a waje ana tsakiyar zubowa. Masu fita Asuba su lura da wannan, awannin da muke fita sune daidai awannin da doka ta ɗaga wa masu gida ƙafa.

Sai dai ba nan maganar ta ƙare ba. In tsohuwar ƙanƙara ce ta kwana biyu ko uku ta daskare tayi baƙi, sabuwa ta zo ta lulluɓe ta, laifin tsohuwar yana nan. Haka in bututun ruwan gini na ɗiga a kan daɓe yana daskarewa duk dare, ko an share an tara tsibi a gefe rana ta narkar ya gangaro ya sake daskarewa ba'a zuba gishiri ba. A irin wannan kes ana ɗauko bayanan hukumar yanayi awa bayan awa, don haka ka rubuta lokacin da ka faɗi tun baka manta ba, ka kuma tuna kalar ƙanƙarar da kaurinta, fara ce sabuwa ko datti-datti mai sawun takalma.

10. A ramin bishiya na faɗi. Ƙawata kuma murfin ƙarfe ne ya kada ta. Duk mai gida ne?

A'a. Ramin da ake dasa bishiya a ciki na birni ne, babbar kotu ta yanke haka a 2008 a shari'ar Vucetovic, don haka kwana 90 ɗin nan na tambaya ta 4 ya hau kanki. Bakin dutsen da ya raba daɓe da kwalta da gangaren kwana na masu keken guragu suma galibi na birni ne. Amma in saiwar bishiya ce ta ɗago daɓen da ke gaban babban gini, ana komawa kan mai ginin.

Murfin ƙarfe da raga kuwa na wanda ya mallake su ne, kamfanin wuta ko na waya ko hukumar jirgin ƙasa, kuma shi ke da alhakin inci 12 kewaye da murfin. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin ƙarfen, yawanci sunan mai shi na nan. Ƙofofin ƙarfen nan na shiga ƙarƙashin shago da ake barinsu a buɗe ana sauke kaya, mai shago da mai gini ake dubawa.

11. Gaskiya ina kallon waya lokacin da na faɗi. Na rasa kenan?

A New York baka rasa ba, rage maka za'ayi gwargwadon laifinka. Ace juri, wato mutum shida da ake zaɓowa cikin jama'ar gari, sun yanke dala 100,000 kuma suka ce kashi 30 laifinka ne, zaka samu 70,000. Don haka ka gaya wa lauyanka gaskiya tun farko. Yafi ace ka ɓoye, ranar shari'a su kunna bidiyo kowa ya ganka kana duba WhatsApp.

12. Bani da takardun zama. In na kai ƙara ba kaina na tona ba?

Kotunan jihar basa hana mutum neman diyyar rauni don bashi da takardu. A 2006, a shari'ar Balbuena wadda ta shafi ma'aikacin gini, babbar kotun jihar tace marar takardu na iya neman har kuɗin aikin da ya rasa, matuƙar ba takardun bogi ya nuna ya samu aikin ba. Tun 2020 kuma jihar na da dokar da ta hana jami'an shige da fice kama mutum a kotunan jiha ba tare da sammacin alƙali ba.

Duk da haka ba zan ce maka ka shiga ido rufe ba. Abinda ka gaya wa lauyanka sirri ne, ka faɗa masa halin da kake ciki a zaman farko, musamman in kana aiki da sunan wani ko ana biyanka a hannu, domin neman kuɗin aikin da ka rasa shi ke jawo tambayoyi a kan haraji da takardu, wani lokacin lauya zai ce a bar wannan ɓangaren a nemi na rauni kawai. In kana da kes na neman mafaka a gaba, lauyan can ma ya sani.

13. Nawa lauya ke karɓa? Ni ko kuɗin haya da ƙyar nake haɗawa.

Ba'a biya a gaba. Yawanci kashi ɗaya cikin uku suke ɗauka daga abinda aka samu, in ba'a samu komai ba basu da lada. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya, na kotu da takardun asibiti da ƙwararrun da za'a kira, ka tambaya kafin ka sa hannu, za'a cire su kafin a raba ko bayan an raba, kuma in an faɗi wa zai biya. Ka karɓi kwafin yarjejeniyar. In lauya ya daina ɗaga wayarka kana iya canza shi, su biyun ne zasu raba kaso ɗayan nan tsakaninsu.

Wanda ya same ka a gadon asibiti da kati a hannu yana cewa yana da lauya mai zafi kuma zai baka wani abu ka rage zafi, ko da yarenmu yake magana, ka guje shi, doka ta hana irin wannan farautar. Masu cewa a shirya faɗuwar ƙarya ko a je ayi tiyatar da ba'a buƙata don kuɗi su ƙaru kuwa, wannan zamba ce da ke kai mutum gidan yari, ga marar takardu kuma har a sa shi a jirgi a mayar da shi gida.

14. Nawa zan samu, kuma yaushe?

Duk wanda ya faɗa maka adadi a ranar farko cika baki yake. Ana lissafa kuɗin magani na baya da na gaba, albashin da ka rasa, da kuma wahala da raɗaɗi, wanda New York bata sa masa iyaka ba. Targaɗen da ya warke cikin wata ɗaya ba ɗaya yake da karayar ƙugu da aka sa ƙarfe ba. Miji ko mata ma na iya neman nasu kason na ɗawainiya da rashin da suka yi.

Lokaci kuwa, a shirya wa shekaru, ba watanni ba, na birni ya fi jan ƙafa. Yawanci da sulhu ake ƙarewa ba'a kai gaban juri ba. A tsakani zasu tura ka wurin likitansu ya duba ka, zasu leƙa Facebook da TikTok ɗinka, in kace baka iya tsayuwa sai ga ka kana rawa a wurin suna, ka gama da kanka. In wakilin inshora ya kira yana tausasa murya yana so ya naɗi maganarka ko ya aiko da cak na gaggawa, kace ya kira lauyanka. Da ka sa hannu a takardar sallama, ko tiyata ta taso daga baya babu komawa.

Kuma ba duka ne zai shiga aljihunka ba. In Medicaid ko Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, suka biya jinyar zasu karɓi nasu daga ciki. Mai karɓar SSI, tallafin gwamnati ga tsofaffi da nakasassu marasa ƙarfi, ya sani cewa iyakar abinda aka yarda mutum ɗaya ya mallaka dala 2,000 ne, kuɗi masu yawa in suka faɗo asusu tallafin na iya tsayawa, akwai hanyar tsara abin amma kafin a karɓi cak ake yi. Daɗin abin dai diyyar raunin jiki gwamnatin tarayya bata cire mata haraji.

15. Yarona ne ya faɗi. Wani kuma mahaifinsa ya rasu sanadin faɗuwar.

Yaro ƙasa da shekara 18 lissafin shekarun shigar da ƙara yana jiransa, amma kar a dogara da wannan a kan kwana 90 na birni, a shigar da sanarwar cikin lokaci. Sulhun yaro sai alƙali ya amince, kuma kuɗin banki ake ajiye masa har ya kai 18, iyaye basa taɓawa sai da izinin kotu.

In rasuwa ce, Allah ya jiƙan musulmi, shekara 2 ne daga ranar rasuwa, kuma sai kotun gado ta naɗa wakili tukuna shi zai kai ƙarar. In birni ne, kwana 90 na sanarwar rasuwar daga ranar naɗin wakilin yake farawa. Ko za'a kai gawa gida a tabbatar an karɓi takardun asibiti da na mutuwa.

16. Ina kan aiki ne, ina kai saƙon abinci, na faɗi.

Toh kana iya samun hanya biyu. In ma'aikaci ne kai akwai inshorar raunin aiki, wadda bata tambayar laifin wa, kuma marar takardu ma tana rufe shi. Ka sanar da mai aikin a rubuce cikin kwana 30, koken kuma cikin shekara 2. Wannan bai hana ka bin mai ginin da ka faɗi a gabansa ba, sai dai inshorar aikin zata karɓi wani abu daga abinda ka samu can. Masu aiki da manhaja kamfanoni kan ce su ba ma'aikatansu bane, kar ka ɗauki maganar kamfani a matsayin hukunci, ka bari lauya ya duba. Masu aikin kula da tsofaffi a gida da suka faɗi suna raka mara lafiya asibiti suma su tambaya.

17. Ba ƙaddara bace? Ya halatta in ci irin wannan kuɗin?

Ƙaddara ce mana, amma ƙaddara bata taɓa sauke lamuni daga kan mai sakaci ba. Diyyar kisan kuskure tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, raunuka ma shari'a ta yanka musu nasu. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a wani ya faɗa, da mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi gaban shaidu ya ƙi rushewa har ta faɗa wa mutum, suka ce ya lamunce. In ka duba, maganar an sanar da shi bai gyara ba ta tambaya ta 1 da ta 7 ce sak. Yafiya kuma haƙƙinka ce in ka ga dama, amma ka yafe da sani bayan ka san nawa jinyar zata ci, ba wai lokaci ya ƙwace maka kace ka yafe ba.

Inda ya kamata ka zauna da malaminka wuri biyu ne. In an kai ga hukuncin kotu ana ɗora ruwa na kashi 9 a shekara kafin a biya, ka tambayi yadda zakayi da wannan ɓangaren. Sai kamfanonin da ke ba da kuɗi tun kafin kes ya ƙare, ruwansu na ninkuwa har wani ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙara gishiri a kan ciwo kuwa baya buƙatar fatawa, kowa ya san hukuncinsa.

Akwai kuma masu jin nauyi saboda mai gidan ko mai shagon ɗan uwa ne da ake haɗuwa a sahu ɗaya. Doka ta wajabta wa masu irin waɗannan gine-gine yin inshora, kuma galibi kamfanin ne ke biya ba Alhaji ba, sunansa dai zai fito a takarda. Ka same shi da dattawa ku yi magana ya sanar da inshorarsa da wuri, shi ma kariyarsa ce.

18. Ni ba a New York nake ba, duk wannan ya shafe ni?

Kar ka ɗauki lissafin nan ka kai wata jiha. A New Jersey ma sanarwar hukuma kwana 90 ce, amma ƙarar rauni shekara 2 ce ba 3 ba, masu ginin kasuwanci ne ke da alhakin daɓen gabansu, masu gidan zama galibi a'a, kuma in laifinka ya wuce rabi baka samun komai. 'Yan uwanmu na Greensboro da sauran North Carolina, da na Maryland da Virginia, nasu ya fi tsanani, can in aka samu kana da ko ɗan laifi kaɗan a faɗuwar ana iya hana ka duka, don haka amsar tambaya ta 11 bata aiki a wurinsu. Ko cikin jihar New York ɗin ma sashe na 7-210 na birnin ne kaɗai, Yonkers da Mount Vernon da Buffalo kowanne da tasa dokar. A nemi lauyan da ke da lasisin jihar da aka faɗi, ba jihar da ake zaune ba, kuma a neme shi cikin satin farko.